Sunan Da Malam Hashimu Bai Taɓa Faɗa Ba

Ku matso kusa, muryata ba ta kai ta da ba. Kai Sabi'u, kifa wayar nan a kan tabarma, ba na son a ɗauki maganata. In ka ji labarin za ka gane dalili. Wannan ba tatsuniya ba ce, ba sai kun ce ta zo mu ji ta ba, domin ta riga ta zo, ta same mu har gida, ta kuma tafi da mutum. In na gama akwai tambaya, kuma ba wanda zai tashi ya karkaɗe riga sai ya ba ni amsa.

A Tungar Gamji aka yi abin, garin da na yi shekara talatin da ɗaya ina ɗinki kafin idona ya daina ganin kafar allura. Shagona yana kallon siton ƙungiyar manoma, ba abin da ya raba mu sai hanya da wata darbejiya. Don haka abin da zan faɗa muku ba a waya na ji shi ba.

Akwai wani dattijo, Malam Hashimu, shugaban manoman fadama. Mutum ne mai taurin kai, ba zan ɓoye muku ba, ni kaina mun sha saɓawa da shi a kan wuyan riga. Amma ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Wasu masu kamfanin haƙar zinare sun zo daga birni har sau uku suna neman ya sa hannu a ba su fadama, fadamar da gidaje fiye da ɗari suke ci daga cikinta rani da damina. Sau uku yana ba su ruwa su sha, ya raka su bakin mota, ya ce su gai da gida. Manoma kuwa sun yi magana ɗaya, ba wanda zai sa hannu sai Malam Hashimu ya fara.

'Ya'yansa uku ne suka rayu. Babban shi ne Lawwali, ɗan fari. Ku yaran yanzu sai an yi muku bayani: a gidan da aka riƙe al'ada, uba ba ya kama sunan ɗansa na fari, ba ya jan shi da wasa, ba ya zama da shi a tabarma ɗaya. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. Malam Hashimu ya riƙe wannan fiye da kowa a garin. Da aka yaye yaron kakarsa ta ɗauke shi, sai uban ya riƙa ce masa Na-Inna. Lawwali ya san al'ada ce, amma sanin bai hana shi jin zafi ba, domin yana gani ana kiran ƙannensa da sunansu ana dafa musu kai. Ya tashi mutum mai shiru. Da ɓarayin daji suka addabi yankin, sai ya shiga 'yan sa-kai.

Ta biyu Hansatu, tana aure a Unguwar Maƙera, tana tuyar awara a cikin gida. Ita ta gado taurin kan uban duka, ta ƙara da nata. Kuma Allah ya ba ta kunne, ba a faɗin magana a gabanta ta manta, ko da an shekara goma.

Autansu Nafi'u, mai shekara ashirin da bakwai, shi ne ya yi boko ya tafi birni. A gida an san yana aikin kwamfuta, shi ke nan. Bari in gaya muku aikin, yadda shi da bakinsa ya bayyana daga baya. Wani ofis ne a saman bene, ba allo ba suna. In mai hali yana son a ɗaga wani ko a kayar da wani a idon jama'a, can yake zuwa. Da fari samari talatin ne a ciki, kowa da sunayen bogi goma, suna wuni suna rubutu a zaurukan waya kamar mutane ne daban-daban. Sai aka kawo abin nan da kuke ce wa ƙirƙirarriyar basira. Aka sallami ashirin da bakwai a rana ɗaya, domin na'urar tana ƙirƙiro fuska, ta ƙirƙiro suna, ta yi rubutun mutum ɗari huɗu ba ta nemi abincin rana ba. Aka bar uku, har da Nafi'u. Aikinsu su sa wa maganarta gishiri, domin Hausarta ta fari irin ta masu karanta labarai ce, ɗan ƙauye yana ji ya san baƙuwa ce. Wata rana shugaban ofishin ya ce kowa ya kawo muryoyin tsofaffin garinsu don na'ura ta koyi maganar karkara. Nafi'u bai tsaya tunani ba. Wayarsa cike take da saƙonnin muryar babansa, dogaye, a kan taki da ruwan sama da kada ka bar sallah. Ya kwashe ya ba su.

To, mu a Tungar Gamji muna da zaure a waya, na 'yan gari, inda ake sanar da rasuwa da suna da farashin masara. A cikin wata shida sai baƙin sunaye suka riƙa shigowa, wai 'yan asalin garin ne da ke zaune a wasu wurare. Ban manta da wata Hajiya Balaraba Mai-Atamfa ba. Kullum ita ce farkon yin barka da asuba, in an yi rasuwa ita ce farkon ta'aziyya, da addu'a mai daɗi. Har wani da ba zan kama sunansa ba, yana raye, ya aika mata da saƙon neman aure. Mu da in baƙo ya sauka a tasha sai mun tambayi ɗan gidan wa ne, ba wanda ya yi wa waɗannan tambayar. Mun ga suna gaisuwa irin tamu, muka ɗauka namu ne.

Ba su taɓa zagin Malam Hashimu ba. Tambaya kawai suke yi. Wannan ya ce, ikon Allah, an kore shanun kowa ban da na shugaban manoma. Wancan ya ce, kada mu yi zato, zato zunubi ne, amma dai abin da mamaki. Wata ta ce ita dai ta ji ana cewa yana yawan zuwa bakin daji shi kaɗai. Gonarsa ce a bakin dajin, kuma shanun da ake magana guda biyu ne na huɗa, a cikin gida suke kwana. Duk mun san haka. Amma magana in ka ji ta daga baki arba'in, sai ka fara shakkar abin da idonka ya gani. Ni ma na fara, kuma ina jin kunyar faɗa.

Ranar wata Talata da hantsi ɓarayi suka tare hanyar kasuwa. Wannan ba na'ura ba ce, mutum goma sha ɗaya muka yi wa sutura, biyar namu, shida na Gidan Rimi, ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu. Cikin namu akwai 'ya'ya biyu na Dogo, kwamandan 'yan sa-kai. Da hannunsa ya sa su a kabari.

Washegari da safe murya ta faɗo cikin zaure. Muryar Malam Hashimu ce, har da ɗan tarin nan da yake yi kafin ya fara magana. Tana cewa: “Ku biyo hanyar kasuwa ranar Talata da hantsi, 'yan sa-kai suna gabas. Amma in kun ga ɗana Lawwali ku ƙyale mini shi. Lawwali ɗana ne, ina son abina.” Kafin a sha koko ta shiga kowace waya a garin. Hajiya Balaraba ta rubuta salati, ta ce ita ba za ta ce komai ba.

Na farko, Lawwali. Na gan shi a gindin darbejiya, waya a kunne, yana maimaitawa. Na ƙirga sau bakwai. Hawaye yana bin gemunsa, ni na ɗauka na baƙin ciki ne kawai. Daga baya na gane, shekararsa talatin da takwas a duniya, ran nan ne ya fara jin sunansa da muryar ubansa, har da ina son abina. Ya yarda da muryar, domin zuciyarsa ta daɗe tana jiran ta. Dogo ya zo ya tsaya a kansa, ido jajur, ya ce, “In babu hannunka a ciki, kai za ka kawo shi.” Lawwali ya saɓa bindiga ya tafi fadama. Ya tarar da uban yana ban ruwan albasa, ya tasa shi gaba har cikin gari, jama'a na biye ana jifa. Aka kulle tsohon a sito, Dogo ya ce da an sallame azahar za a fita da shi bayan gari. Kun san ma'anar wannan, ba a dawowa.

Ta biyu, Hansatu. Tana gaban kasko wata maƙwabciya ta kara mata wayar a kunne. Sau ɗaya ta saurara. Ta sauke kaskon, ta ja mayafi, ta fito ko takalmi babu. Ta keta taron nan har inda wanta yake gadi a ƙofar sito, ta ce, “Yaya, tun da uwarmu ta haife ka, yaushe Baba ya taɓa kama sunanka?” Ba ta jira amsarsa ba. Ta ce, “Ranar da aka kwantar da kai asibiti, malamin asibiti ya tambaye shi sunan majiyyaci, fita ya yi ya kira direba ya faɗa. Mutumin da ya kasa faɗa wa likita, shi ne zai faɗa wa ɓarayi har sau biyu? Wanda ya haɗa maganar nan ya san muryar Baba, amma bai san gidanmu ba.” Na ga fuskar Lawwali lokacin. Ban taɓa ganin mutum ya sami ubansa ya kuma rasa wani abu a lokaci ɗaya kamar haka ba.

Ba ta tsaya nan ba. Ta kira Nafi'u a waya, ta ce ya saurari abin da ke yawo, in ya san wani abu a kai ya taho yanzu. Sannan ta bi gida gida tana fito da tsofaffi, maza da mata, har da waɗanda sai an riƙe su. Ta je ta durƙusa wa Liman. Ni ma ta shigo shagona ta ce, “Baba tela, in mahaifinmu ya kawo ɗinkin sallah me yake ce maka?” Na ce, cewa yake wannan na Hansatu, wannan na Nafi'u, wannan na yaron nan. Ta ce in zo in faɗa a gaban mutane. Na tashi na je. Mu goma sha huɗu muka ba da shaida, kowa da ranar da ya tuna. Samari suka ce wanda ya ci amanar gari ai ba zai ji nauyin karya al'ada ba. Tsofaffi suka ce ku ba ku san abin ba ne, harshen ne ba ya iya juyawa. Dogo ya daɗe yana kallon ƙasa, domin shi ma bai taɓa kama sunan babban ɗansa ba, wanda ya binne jiya. Ya ce ya ɗaga zuwa la'asar, ko minti ɗaya ba zai ƙara ba.

A nan ne na san abin da muke faɗa da shi ba ya gajiya. Ba a yi awa ɗaya ba sai ga saƙonni suna zubowa a zaure kamar an kwance bakin buhu. Wai dangi sun sayi tsofaffi. Wai za a fitar da Malam Hashimu ta bayan sito a gudu da shi. Sai ga hoto, Malam Hashimu zaune a gindin bishiya da masu bindiga, suna cin abinci a kwano ɗaya. Hoton ya isa Gidan Rimi, inda ake zaman makokin mutum shida. Su ba su ji shaidarmu ba, ba su san da alkawarin la'asar ba. Bayan azahar kaɗan muka ji ƙarar babura, sun fi talatin, kowanne da goyon mutum biyu.

Lawwali ya cire bindigarsa ya miƙa wa Dogo. Ya ce, “Ba zan harbi mai makoki ba. Amma ni na kawo shi nan, ba kuma wanda zai shiga sai ta kaina.” Ya tsaya a bakin ƙofa, ya dafe madogaran ƙofar biyu da hannuwansa. Aka yi masa magana bai matsa ba. Aka sa gora aka karya masa hannun dama, ya riƙe da na hagu. Aka ja shi, aka tura shi, mutum ɗaya kamar an dasa shi. Sai wani daga baya, har yau ba a san ko wane ne ba, ya saki bindigar toka. Ta same shi a ciki. Bai faɗi gefe ba, ya sulale ya zauna, bayansa jingine da ƙofar, yadda ba za a buɗe ta ba sai an ɗauke shi. Aka ce a kai shi asibiti, ya ce in an ɗaga shi daga nan bai yafe ba. Ganin jinin ɗan sa-kai ya sa abokansa suka zagaye shi, mutanen Gidan Rimi suka ja baya kaɗan. Ba su tafi ba, suna nan da addunansu suna jiran la'asar da aka ce musu Dogo ya ɗiba.

Na uku, Nafi'u. Da ya saurari muryar a ofis, ya gane tarin, domin shi ya kawo shi. Aikin Tungar Gamji ba a teburinsa yake ba, an ɓoye masa, zauren garinmu kuwa ya daɗe bai leƙa ba, amma ya san inda ake ajiye irinsa. Ya san kuma masu ofishin ba mutanen wasa ba ne. Ya sa kwamfutar aiki a jaka kamar an aike shi, ya sauka daga benen bai waiwaya ba. Tafiyar awa huɗu ce, mota biyu da babur. Ya iso ladan yana gyaran murya.

Ya ga wansa cikin jini bai tsaya ba, kuma na san abin da wannan ya ci masa. Ya karɓi lasifikar wani mai tallar maganin gargajiya, ya hau kan teburin shagona da aka fito masa da shi. Ya ce, “Kwamanda, da safe ka aika saƙon murya a zaure kana kiran taro. Ka ba ni izini in yi amfani da shi, ka kuma rufe bakinka kowa ya gani.” Dogo ya gyaɗa kai. Nafi'u ya yi 'yan danne-danne, bai kai lokacin shan kofin shayi ba, sai lasifika ta ɗauka da muryar Dogo, mai kaurin nan: “Ku biyo hanyar kasuwa ranar Talata da hantsi, 'yan sa-kai suna gabas.” Ga Dogo a tsaye, leɓensa a haɗe. 

Sannan ya juyo da fuskar kwamfutar. Ga sunaye jere, ɗari huɗu da wani abu, kowanne da hotonsa. Ya riƙa karantawa yana tambaya, wa ya san gidan uban wannan, wa ya taɓa ganin wannan a jana'iza. Ba wanda ya san ko ɗaya. Da ya zo kan Hajiya Balaraba Mai-Atamfa sai ya nuna hotonta da yatsa. Ya ce, “Wannan ni na zaɓa mata suna, tun ban san garin da za a tura ta ba. Babu ita. Ba a taɓa haihuwarta ba.” Ya nuna hoton cin abincin, da ainihin hoton da aka ciro fuskar tsohon daga ciki, na ranar sunan ɗan Hansatu. Da zai iya tsayawa a nan ya sauka da mutuncinsa. Amma wani daga Gidan Rimi ya ce, to ina suka sami muryar tsohon? Nafi'u ya ce, “Ni na ba su. Saƙonnin da yake aiko mini ne yana yi mini nasiha.” Dogo ya taka ya janyo shi daga kan teburin, ya kwaɗa masa mari ɗaya. Sai kuma ya zauna a ƙasa, babban mutum, ya rufe fuska da hula yana kukan 'ya'yansa. Ya ce a buɗe sito.

Sai da mutum huɗu suka matsar da Lawwali kafin ƙofar ta buɗu. Malam Hashimu ya fito, goshi a fashe, ya durƙusa a gaban ɗansa. Duk abin da aka yi yana ji ta cikin ƙofa. An aika a kawo mota, amma wanda ya san rauni ya san motar ba ta da amfani. Mutane sun kewaye su, wayoyi sun fi ashirin a sama ana ɗauka, kuma a bayan masu wayoyin akwai waɗanda har lokacin zuciyarsu ba ta gama sauka ba, adda tana hannu.

Lawwali ya buɗe ido ya ce, “Baba, ka yafe mini.” Tsohon ya ce ya yafe duniya da lahira. Sai ya ce, “Baba, na ji na ƙarya. Ka faɗa mini na gaskiya sau ɗaya.” Ina tsaye kusa kamar daga nan zuwa inda Sabi'u yake. Na ga leɓen tsohon yana motsi, na ga ya ja numfashi zai faɗa. Hansatu ta damƙe masa hannu, ta sunkuya ta ce a hankali, “Baba, kada. Suna ɗauka.” Ta san in sunan ya fito daga bakinsa a gaban taron nan, shaidar mutum goma sha huɗu ta rushe, kuma kafin magariba za a yanko wurin a watsa a ce ga shi yana faɗa. Tsohon ya dubi wayoyin, ya dubi ɗansa. Ya ɗora masa hannu a ka, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, “Na-Inna, Allah ya yi maka albarka.” Lawwali ya ci gaba da kallon bakinsa yana jira. A haka ya cika.

Malam Hashimu yana nan da ransa, fadama ma tana nan, bai sa hannu ba. Ofishin nan, da aka kai hukuma, an tarar da ɗaki fayau, ko kujera babu. An ce sun koma wani benen a wani garin. Wanda ya kai wa ɓarayi labarin ranar Talata ba a same shi ba, wataƙila ma babu shi, domin ranar kasuwa ba sirri ba ce. Nafi'u bai sake komawa birni ba, kuma a garin ba kowa ke amsa sallamarsa ba. Hansatu ta daina tuya, ta ce ba ta son jin ƙarar mai. Mu kuma aka bar mu da wata cutar. Bayan wata biyu ɓarayi suka ɗauke wani manomi, suka ba shi waya ya kira gida yana kuka, ƙaninsa ya ce na'ura ce ya kashe wayar. Muryarsa ce ta gaskiya. Sai gawarsa aka samo.

Da rani manoma suka haɗa ƙarfi suka haƙa babbar rijiya a tsakiyar fadama. Suka zo wa Malam Hashimu suka ce, rijiyar nan sunan wanda ya ceci ranka a cikin 'ya'yanka za ta ɗauka, guda ɗaya, kuma kai za ka tsaya a bakinta ka faɗi sunan da bakinka kowa ya ji. Ya ce su ba shi lokaci. Damina biyu ke nan ana shan ruwanta, ana ce mata rijiyar nan.

Ga yadda abin yake. Ba don Hansatu ba, da azahar an gama da tsohon, domin ita kaɗai ta ji abin da gari guda ya kasa ji, ita ta juyo da Lawwali, ita ta kira Nafi'u. Amma ita ce ta toshe bakin uba a kan roƙon ɗan'uwanta na ƙarshe, kuma ta ce ko yau aka sake haka za ta yi.

Ba don Lawwali ba, da Nafi'u ya iso ya tarar da gawa, domin shaidar tsofaffi ba ta tare adda, jikinsa ne ya tare, kuma shi kaɗai ya biya da ransa. Amma shi ne ya yarda da muryar tun farko, shi ya taso ubansa daga cikin albasa ya kawo shi hannun masu kisa.

Ba don Nafi'u ba, da an sallame la'asar an ɗauke Lawwali daga bakin ƙofa an shiga, domin shi kaɗai ya zo da abin da ido zai gani, ya kuma tona kansa a gaban masu makoki alhali yana iya yin shiru. Amma da hannunsa ya miƙa muryar ubansa, kuma shekara biyu yana cin abinci da irin wannan aiki a kan iyayen wasu.

Na ga bakinka yana motsi tun ɗazu, Sabi'u, to ga wuri. Ku sa kanku a bakin rijiyar nan, ga tsoho a tsaye, jama'a sun yi shiru suna jiransa. A cikin 'ya'yan nan uku, sunan wa ya cancanci ya fito daga bakin Malam Hashimu?